Uba Wala da 'Yan Fansho

Ranar da zan fara da ita, ruwa aka wuni ana yi a Garwa, tun hantsi har bayan la'asar, irin na farkon damina mai zuwa da fushi bayan an sha zafi wata uku. Shekara bakwai ke nan da samun mulkin kai. Mu mahauta muka tashi kasuwa da wuri, don ba mai ratso wannan taɓo ya zo sayen nama. Da magariba gari ya yi sanyi, shinge ya fito yana bin fitilu, muka ce ai yau ranar silima ce.

Silimar unguwarmu fili ce da aka kewaye da katanga, ba rufi, sai bencuna da farin bango. Ta wani Kwara ce, Balarabe ɗan kasuwa. An yi mana alkawarin fim ɗin Indiya, amma motar da za ta kawo shi daga Ngawundare ta kafe a hanya saboda ruwan. Mai silima bai so ya kore mu ba, sai ya laluba ɗakin ajiyarsa ya zaƙulo wani tsohon fim na Amurkawa, baƙi da fari, wanda aka juye maganarsa zuwa Faransanci. Ba doki, ba bindiga, ba rawa. 'Yan mata ne zalla, sai surutu.

Mutumin da nake son ba da labarinsa shi ne wanda muka dogara da shi ya gaya mana abin da suke cewa. Sunansa Uba. Ɗan mahauci ne kamar ni, tare muka tashi, sai dai na girme shi da shekara biyar. Tun yana saurayi ya ƙi wuƙa, wai ƙarnin jini yana sa masa ciwon kai. Ya tafi ya yi boyi a gidan wani Bature na kamfanin auduga shekara huɗu. Abin da ya koyo can shi ne gugar wando da ɗaukar faranti, da kalmomin da ake kiran bara da su. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa malafa da tabarau da wani alƙalami mara tawada. Da waɗannan uku Uba ya dawo unguwa ya zama masanin Faransanci. Kowace magana ya yi sai ya rufe ta da "wala", yadda ya ji maigidansa yana yi in an gama abu, shi ya sa muke ce masa Uba Wala. Shi kuwa daɗin sunan yake ji.

A garin nan Fillanci ne na kasuwa, Faransanci na ofis, Hausarmu ta cikin gida da rumfa. Fillanci duk mun iya. Faransanci kuwa katanga ce, duk wanda ya ce ya taɓa leƙa bayanta sai mu ba shi kujera. Da rana Uba yana zama ƙarƙashin wata dalbejiya kusa da ofishin supirefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankin, yana karɓar takardun mutane ya gaya musu abin da ke ciki. Da yamma yana bencin tsakiya a silima, mu saya masa tikiti da goro da tsire, shi kuma ya yi mana tafinta. Fim ɗin kaboyi ba wuya. Mutum ya zaro bindiga, Uba ya ce, "Ya ce zai kashe shi. Wala." Sai kuwa ya kashe shi, mu ce kai Uba ya iya. Har na Indiya yana fassara mana, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya koyi Indiyanci.

To, wannan fim na ranar ruwa ya zo masa da abin da bai saba ba. An nuna wani babban gida mai ƙofar ƙarfe. Wani mutum ya kawo yarinya a mota da akwatinta, ya miƙa ta ga wata doguwar mata mai tabarau da tarin makullai a ƙugu, ya juya ya tafi. Aka kai yarinyar wani dogon ɗaki mai gadaje jere biyu. 'Yan matan ciki duk riga iri ɗaya, suna kallonta suna ƙus-ƙus. Suka sa mata kwaɗo a gado, ta yi ta kuka. Mu dai muna zaune a jiƙaƙƙun bencuna, shinge yana ta giftawa cikin hasken injin, Uba bai ce uffan ba.

Bobbo ne ya gaji. Bafillace ne dillalin shanu, mai baki kamar reza, ba ya fashin silima.

"Kai Uba, barci kake yi? Wane irin gida ne wannan? Mata sun fi talatin, ba miji ko ɗaya."

"Yi shiru mana, ina saurare."

Ya karkata kunne. Cikin duk ruwan maganar nan kalma ɗaya ce take ta dawowa, kuma ita kaɗai ta yi masa kama da wadda ya sani: pansiyona, pansiyoner. Kowa a Garwa ya san pansiyo, abin da tsofaffin sojan Faransa suke zuwa karɓa, mu muna ce masa fansho.

"'Yan fansho ne," in ji Uba. "Wala."

"Fansho? Irin na Sajan Brahim?" Bobbo ya ce. "Sajan Brahim sai da ya bar yatsu biyu a yaƙi. Wane aiki yarinya 'yar shekara sha biyar ta yi har aka sallame ta da fansho?"

A nan mutumin kirki zai ce ban gane ba. Kalma uku ce, ba ta kashe kowa. Uba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Haba Bobbo. Da girmanka da gemunka sai na faɗa maka aikin?"

Wuri ya kaure. Mutane suna dukan benci. Daga nan Uba ya samu hanya, bai ƙara tsayawa ba. Doguwar matar nan mai makullai ta zama magajiya. Riga iri ɗaya ta zama anko. In an buga ƙararrawa, ya ce baƙi ne suka iso. Da aka nuna su zaune a gaban allo da littattafai, wani daga baya ya ce, "To wannan fa?" Uba ya ce, "Ana koya musu rubuta wa maza wasiƙa." Wata daga cikinsu ta ɓuya bayan ɗaki tana shan taba, wata ta fita ta taga ta shiga motar wani saurayi, matar nan ta kama ta tana ta faɗa. Uba ya ce, "Ta ce don me za ki fita ba ki biyo ta hannuna ba." A ƙarshe aka nuna su cikin fararen kaya, ana kiran su ɗaya-ɗaya ana ba kowace takarda a nannaɗe, iyaye suna tafi. Uba ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "An ba su lasin. Wala."

Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Fim ɗin da aka sa don toshe rami sai ya yi kwana tara ana cika. Har fim ɗin Indiyan ya iso ya jira. Kowace rana Uba yana ƙara gishiri, abin da magajiya ta ce jiya daban, na yau daban, ba mai damuwa. Kafin damina ta ƙare kalmar ta shiga unguwa. Yarinya ta daɗe a bakin famfo, sai uwarta ta ce, "'Yar fansho, sai yanzu?" Mace ta sa jan baki, 'yar fansho. Uba yana jin ana faɗa yana gyara malafa, kamar wanda ya gina masallaci.

Uba yana da 'ya, Luba, ta fari a ɗakin matarsa Salamatu. Ya sa ta lekol, wato makarantar boko, tun lokacin da ba Bahaushe ko biyar a unguwarmu da suka sa 'ya mace. Kada a ce hangen nesa ne. Yana so ne a ce gidan masanin Faransanci har yara suna yi. Sai yarinyar ta ɗauki abin da gaske. Siririya ce, ba ta da yawan magana. In an aiko ta sayen nama wurina, tsohuwar jaridar da nake naɗe naman take tsayawa karantawa, ta juya ƙunshin sama da ƙasa har ta kai inda maiƙo ya cinye rubutun. Wani lokaci ta ce, "Baffa Hayatu, ba ka da ragowar wannan shafin?" Sai in duba mata.

Shekara biyu bayan fim ɗin nan ta zauna jarrabawar shiga koleji. Malaminsu wani Mushe Martin ne, mutumin wajen Kayele, Kirista, mai haƙuri da yara. Mushe a bakin masu Faransanci girmamawa ce, amma a rumfar mahauta ba ka kiran mutum mushe ba a yi murmushi ba. Shi ya san haka, ba ya jin haushi.

Wata ranar kasuwa sai ga shi a keke, yana zufa, da takarda a hannu. Ya je gida aka ce masa Uba yana rumfata, ya kuwa same shi zaune yana cin balangun da bai saya ba. Bobbo yana nan, da mahauta kamar goma. Murna ta hana Mushe Martin ya ja shi gefe. Ya ce cikin Fillanci Luba ta ci, ita kaɗai cikin 'yan matan ajinsa, an ba ta wuri a kolejin 'yan mata, tafiyar wuni guda a mota, kuma gwamnati ce za ta ɗauki ci da kwana da littattafai. Sannan don ya girmama Uba a gaban jama'a, ya buɗe takardar ya karanta masa da Faransanci, da ƙarfi. Ba abin da muka gane sai sunan Luba da kalmar ƙarshe.

Pansiyoner.

Wani ya ajiye wuƙa. Bobbo ya cire goro daga baki a hankali.

"Barka, Uba. Barka da arziki. Ta samu fansho tun ba ta fara aikin ba."

Dariyar da aka yi har masu tumatir suka leƙo. Mushe Martin ya tsaya yana kallonmu ɗaya-ɗaya. Da aka ba shi labari ya kama kai. Ya ce, "Jama'a, kalmar nan ma'anarta ɗalibar da take ci take kwana a makaranta. Shi ke nan. Fim ɗin da kuka gani na makaranta ne."

Bobbo ya juya ga Uba. "To, aboki, wanne ne? Ko shekara biyu kana cin tsirenmu kana shirga mana ƙarya, ko wannan bawan Allah gidan magajiya zai kai maka 'ya. Zaɓi ɗaya, muna ji."

Na dube shi. Maiƙo a leɓensa, tabarau ya zamo kan hanci. Ya haɗiye naman, ya miƙe.

"Ni da Bature na zauna, shekara huɗu, a gida ɗaya. Wannan a littafi ya ga Faransanci. 'Yata ba inda za ta. Wala."

Wasu suka ce madalla, ɗan halak. Ya fita yana taku ɗaya-ɗaya.

Takardar tana bukatar sa hannun uba kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba yarinyar da ke biye da Luba a jerin suna. Mushe Martin ya je gidan sau uku. Na farko Uba ya ce ba ya nan, da muryarsa. Na biyu ya bar shi tsaye a rana. Na uku ya ce masa in ya sake zuwa zai kai ƙararsa wurin limamai, ya ce yana farautar 'ya'yan Musulmi. Malamin makaranta baƙo a gari ba ya wasa da irin wannan magana. Bai sake zuwa ba.

Saura kwana huɗu Salamatu ta zo wurin matata tana kuka, ta ce Luba ta daina cin abinci, ta roƙi in je in yi wa maigidanta magana tunda ni ne babba. Bayan la'asar na je. Na same shi a zaure shi kaɗai yana gyara bakin alƙalamin nan da bai taɓa rubutu ba. Muka gaisa. Na zauna.

"Yaya Hayatu, in maganar yarinyar nan ce, na gama."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Ai na san abin da ya kawo ka."

Na ce, "Uba, mu biyu ne a nan. Makaranta ce ko ba makaranta ba?"

Ya leƙa waje, ya dawo da kai. Ya rage murya.

"Makaranta ce mana. Tun da aka nuna allon nan na gane. Ni yaro ne?"

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko. To me zan ce? An riga an yi dariya."

Na ce masa ga hanya mai sauƙi. Ya fita gobe ya ce kalma ce mai fuska biyu, kamar mushe, wurinsu malami wurinmu abin da ba a ci. Ya ce ta Amurka daban, ta gwamnatinmu daban. Ni zan fara cewa haka ne, in kama Bobbo in ba shi haƙuri. Kwana biyu za a yi ana tsokanarsa a manta.

"Bobbo ba ya mantuwa," in ji shi. "Kuma ba shi ke nan ba."

Ya ɗaga tabarmar da yake kai. Takardun mutane ne a ƙasa, sun kai goma, masu tambari da marasa tambari.

"Ka taɓa ganin na karanta wa mutum takarda nan take? Cewa nake yi ta kwana wurina in nazarce ta. Shekara uku ke nan Luba ce take karanta min, in haddace, in je in faɗa. In ta tafi, wa zai yi?"

Ban san lokacin da na ce, "Kai Uba, ka ji tsoron Allah" ba.

"Ina jin tsoronsa. Amma ka gaya min, in koma rumfa in riƙe wa wa ƙafar sa? Da malafata?"

Ya faɗi haka yana kallona, ni da na yi shekara talatin ina riƙe ƙafar sa. Na miƙe na sa takalmi. Da zan fita na ga ƙafafun yarinya a ƙarƙashin zanan da ya raba zaure da tsakar gida. Ba ta gudu ba, ba ta kuma motsa ba.

Washegari na faɗa wa mutum biyu uku a rumfa abin da ya ce. Ba ta yi amfani ba. Waɗanda suka yarda suka ce 'yarsa ce, ina ruwanmu. Waɗanda ba su yarda ba suka ce hassada nake yi, don ni ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Hannun uba ake nema, ba na maƙwabci ba. Wata ya ƙare. Wurin ya tafi ga wata yarinya 'yar wani ma'aikacin gidan waya.

Luba ba ta yi rigima ba. Ta koma cin abinci, tana taya uwarta daka da wanki. Bayan kamar mako guda Uba ya shigo da takarda ya miƙa mata yadda ya saba. Salamatu ce ta ba matata labari. Yarinyar ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta duba, ta mayar masa da hannu biyu.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni a littafi na ga Faransanci."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya sayo mata ɗankunne. Ya ɗaga hannu, Salamatu ta shiga tsakani. Ko baƙi ɗaya ba ta sake karanta masa ba.

Da farko ya riƙa lalube. Takarda mai jan tambari ya ce ta haraji ce, mai shuɗi ya ce gaisuwa ce daga gwamnati. Allah ya sa wadda ta tona shi ta Bobbo ce. An aiko wa Bobbo takarda, Uba ya kwana da ita, ya dawo ya ce allurar shanu ce, a kawo garke gaba ɗaya ofishin supirefe ranar Alhamis da safe. Bobbo ya sa aka koro shanu talatin da 'yan kai daga bakin kogin Binuwai, suka ratsa tsakiyar gari, suka cika harabar ofis, suka cinye furannin da aka shuka a gindin tuta. Jandarmomi suka fito da kulake. Ashe kiransa aka yi ya zo ya karɓi katin shaidarsa. Bobbo ya wuni a tsare, ya fito da yamma ya wuce kai tsaye gindin dalbejiya. Bai taɓa Uba ba. Malafar kawai ya cire masa, ya ɗora wa wani bijimi a ƙaho, ya kora shi cikin kasuwa.

Daga ranar ba wanda ya sake ba shi takarda. A silima ya ɗan ƙara shekara guda, amma yaran lekol sun fara yawa a bencin gaba, in ya buɗe baki sai su juyo su ce, "Ba haka ya ce ba, Baba Wala." Tikiti ya tsaya, tsire ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin dillancin kekuna, bai iya ba. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko sau ɗaya. Abin da yake faɗa shi ne Faransancin yanzu ba irin na da ba ne, an lalata shi.

Mushe Martin ya nemi a sake ba Luba dama shekara ta gaba, aka ce shekarunta sun wuce. Ta zauna gida shekara huɗu tana saƙa huluna, sannan ta auri wani mai fataucin shinkafa da ta ce tana so, suka koma Yagwa. Tana da rumfarta a can, ina jin labarinta wurin direbobi. Tana aiko wa uwarta shinkafa da atamfa. Tana aiko wa ubanta gaisuwa.

Bana shekara goma sha biyu ke nan da zuwan takardar Luba. Uba yana nan da rai. Yana Kayele wurin ƙaninsa, yana gadin rumfar da ake tara auduga.